Aljihun da Na Ƙi Ɗinkawa

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma ne, ranar wata Alhamis. Na riƙe lokacin saboda na ajiye agogo kusa da littafina, ina gwada saurina a kan tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Anti Balki, matar kawuna, ta turo ƙofa, ta ɗora wani guntun shadda ruwan toka a kan shafin da nake karantawa.

"Asma'u, an ce kin iya ɗinki. Kawunki na son aljihu."

A lokacin ban daɗe da zuwa wani gari na kudancin ƙasar Amurka ba, inda na samu gurbin karatun haɗa magunguna. A gidan Kawu Sahabi nake zaune. Ɗan'uwan Inna ne, kakansu ɗaya, mutumin Kebbe. Ya shekara da shekaru a can, yana da shagon kayan masarufi kusa da wani gidan mai. Don yana can ne Baba ya yarda na tafi. 'Yan'uwan Baba a Tambuwal sun yi ta surutu cewa ba a tura budurwa ƙasar Turawa. Baba tsohon malamin firamare ne, ba ya son doguwar magana. Ya saurare su duka, ya sa hannu a takarduna, ya ce da ni: "Abu guda nika roƙonki. Kada wata magana ta riga ki dawowa gida."

Na ɗauki ƙyallen na ce, "Anti, aljihun mi? In san awo."

Ta leƙa waje, ta fita, ta dawo da wani baƙin abu na roba mai tauri, kamar kuben wuƙa amma gajere mai faɗi.

"Ga gidanta na asali. Ba shi son shi."

"Gidan wa?"

"Bindiga mana! Ke kam komi sai an yi miki fassara, da duk karatunki."

A can mutum yana iya samun izinin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye, kuma Kawu yana da izininsa. Ya saye ta ne bayan 'yan bindiga sun kashe ƙanensa a gona, a wani ƙauye bayan Kebbe. Yana shagonsa aka aiko masa da hoton gawar. Ban taɓa ganin laifinsa ba a kan tsoron da ya shige shi, har yau kuwa.

Matsalar kuben ce. An yi shi ne don masu sa wando da bel da gajeriyar riga. Kawu kuwa ko a shago kaftani yake sawa da wando mai zariya. In ya maƙala kuben a zariya sai nauyin ya ja wandon ƙasa. In ya yi ruku'u sai ya soke shi a ciki. Kuma yana turo kaftanin, alhali shugabannin masallacinmu sun roƙi kowa ya bar makami a gida, shi kuma Kawu a sahun gaba yake tsayawa. Sai ya yi dabara irin ta gida: aljihu mai laushi, a rataye a zariya ta cikin wando, can ƙasa, kamar yadda tsofaffinmu ke ɗaura guru ba wanda ya sani.

Na ce ta ba ni kwana biyu. Na auna kuben, na yanka shaddar, na yi wa gefe ɗaya ɗinkin riƙo da farin zare. Ina cikin yi ne na tsaya ina duban kuben, ina tambayar kaina me ya sa masu yin sa suka zaɓi abu mai tauri haka, alhali ba su rasa yadi ba. Na zura yatsa ta waje inda kunamar bindiga za ta zauna. Yatsan bai sami hanya ba. Robar ta rufe wurin ruf.

Washegari na je ɗakin karatu na jami'a, na bar littattafan magani na nemi na wannan. Duk inda na duba magana ɗaya ce: abin da ake ɗaukar bindiga a ciki dole ya rufe kunama da abu mai tauri, ya kuma riƙe ta kada ta juya. Yadi ba ya yin ko ɗaya. Da na dawo gida sai na ɗauki abin maƙale shanya na sa a cikin aljihun da na fara, na danna ta bayan shaddar da babban yatsa. Ya buɗe baki. Na danna da gwiwar hannu. Ya buɗe. Na zauna a ƙasa irin zaman tahiya na dubi inda bakin abin zai fuskanta: cinya ce, sai gwiwa. Sannan na yi tunanin ranar da za a shigo masa shago da gaske. Kafin ya ɗage kaftani, ya ɗage singileti, ya lalubo cikin wando, ai an gama abin da za a yi. Ba ta tsare shi daga ɓarawo, kuma kullum bakinta yana kan namansa.

Duk da haka da na yi shiru, don ni ko a aji sai malami ya kira sunana nake magana. Abin da ya hana ni shi ne Ikram, 'yarsu mai shekara huɗu. Kawu ba ya zama a kujera in yana gida. A kan kafet yake harɗe ƙafa ya ci abinci, kuma da ya zauna sai Ikram ta taho a guje daga ko'ina take ta faɗa cinyarsa da gwiwoyinta biyu.

A kicin na nuna wa Anti Balki. Na danna, abin shanyar ya buɗe. Ta dube shi ta dube ni.

"To ki faɗa mashi da kanki."

"Anti, ta ina zan fara? Ke dai ki ce mashi a nemi wata dabara. Ko shi sa bel ƙarƙashin kaftanin, ko shi riƙa cire ta shi kulle in ya shigo gida."

Ban san yadda ta kai masa maganar ba. Bayan la'asar ya kira ni falo. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"A'a, matso mana, Likita. Farfesa! An ce kin yi bincike."

Na sunkuyar da kai.

"Kakana maharbi ne. Ni da bindigar toka munka tashi, tun ba a yi auren uwarki ba. Yanzu ke, ɗiya mace, budurwa, kin shiga ɗaki kin rufe ƙofa, kin zauna kina lissafin inda abu ke kwana cikin wandona? Har da gwada zama?"

Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi. Ban taɓa kallon maganar ta wannan gefen ba. Magana ɗaya na iya fitarwa.

"Kawu, Ikram nika ji ma tsoro."

"Ke kinka haifa min ita?"

Ya ɗauki wayarsa a gabana ya kira Tambuwal.

Baba ya kira ni da safe. Ko gaisuwata bai bari ta ƙare ba.

"An ce kin yi ma kawunki maganar da ɗiyar kirki ba ta yi."

"Baba, bari in faɗa maka yadda..."

"Ban tambaye ki ba."

Daga ranar bai sake kirana ba, kuma bai sake karɓar waya daga hannun Inna ba. Kafin mako ya zagayo maganar ta yi ƙafa. Ƙanwata ta gaya mini abin da ake faɗa a unguwa: wai na fara shiga ɗakin Kawu ina binciken kayan sawarsa, wai na ce masa ni a Amurka ba wanda ya isa ya yi mini faɗa. Masu cewa kada a tura ni suka samu abin zuwa gaida Baba da shi.

Kawu bai kore ni da baki ba. Cewa ya yi gidan ya yi musu kaɗan.

Masauki na biyu wani ɗan ƙasarmu ne ya kai ni. A masallaci aka haɗa ni da shi, aka ce yana sama wa ɗalibai ɗaki. Yana kirana ƙanwarsa, yana rantsuwa kafin a tambaye shi. Ya nuna mini ɗaki mai taga biyu, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya ce in zo da kayana ranar Asabar. Na zo da akwatina a bas na tarar da wani mutum a ciki yana soya ƙwai. Ya ce shi ya fi shekara a ɗakin, kuma ni ce ta biyu da aka turo masa a wannan watan. Wayar ɗan ƙasarmu ba ta sake shiga ba. Na zauna a kan akwatin a bakin titi cikin rana, motoci suna wucewa, ba wanda ya ko rage gudu. A Tambuwal da mai mashin na farko ya tsaya ya ce, "Malama, lafiya?"

Na yi kwanaki ina kwana a ƙasan ɗakin wata 'yar ajinmu, da rana kuma ina ja da akwati zuwa ɗakin karatu. A nan Misis Doris ta lura da ni. Dattijuwa ce baƙar fata, ita ke karɓar littattafai in an dawo da su. Ta ce, "Yarinya, wannan akwatin ba littafi ne a ciki ba." Ban san lokacin da na fara kuka ba.

Ɗakin bayan gidanta ta ba ni. Ranar da na tare na tarar ta kwashe naman alade daga firij ta kai wa maƙwabciyarta, ta ware mini tukunya ɗaya sabuwa. Ta tambaye ni ina nake fuskanta in zan yi salla. Na nuna mata a waya. Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo ta manna jan tef a ƙasa, wai don kada in riƙa wahalar nema kullum.

Wata Lahadi muna gyaran wake na ba ta labarin aljihun. Ta ajiye kwano.

"Mijina gadi ya yi har ya mutu, kullum da bindiga a ƙugu. Amma da ya shigo ƙofar nan sai ya cire ta ya kulle a akwatin ƙarfe, sannan ya yarda jika ya taɓa shi. Wannan kawun naki wa yake ɓoye wa ita haka?"

Na ce, "Mutanen masallaci."

Ta girgiza kai. "To ya fi tsoron idonsu ke nan."

Abin da ya fi ci mini rai a watannin nan ba ɗakin da aka cuce ni ba ne. Kiran Inna ne na ranar Juma'a. Takan zauna a tsakar gida, ina jin awaki, ina jin mai fura tana sallama, ina jin rediyon Baba a bayanta ana labarai. Yana nan zaune, taku kaɗan daga wayar. In na ce a gaishe shi sai Inna ta ce, "Shina amsawa," ni kuwa rediyon kawai nake ji. Ta ce mini in yi haƙuri, in je in ba Kawu haƙuri komai ya wuce. Na ce mata haƙurin me, ta ce haƙurin girma.

Sau ɗaya na sake gwadawa. Na tari Anti Balki a wajen takalma bayan sallar Juma'a.

"Anti, maganar nan..."

"Na ɗinka da hannuna. Ga shi wata da watanni ba abin da ya faru. Ki bar mu mu zauna lafiya, don Allah."

Ranar babbar Salla, wajen azahar, ina cin shinkafar da Misis Doris ta yi ƙoƙarin dafa mini da nama, wayata ta yi ƙara. Anti Balki ce. Ban gane me take cewa ba sai sunan asibiti. Misis Doris ta ɗauki makullin motarta ba ta tambaye ni komai ba.

Na tarar da Ikram a kan benci da rigar Sallarta, gabanta duk jini. Na laluba jikinta ko'ina. Ba nata ba ne. Tana riƙe da kunnenta na hagu, ba ta ko kuka. Ashe sun dawo daga Idi ne, Kawu ya harɗe a kafet za a ci abinci, ta taho a guje ta faɗa masa kamar kullum. Bindigar ta tashi, harsashin ya shiga ta cikin cinyarsa ya farfasa gwiwa. Likita ya ce da ya kauce kaɗan ya sami babbar jijiyar jini, da ba a kai shi asibiti da rai ba. Bai faɗi abin da zai faru ba da bakin bindigar ya juya sama. Ni ma ban tambaya ba.

Wata 'yar sanda ta zo da tambayoyi. Turancin Anti ya gudu, ni na yi mata tafinta. 'Yar sandar ta ɗago wata farar leda ta ce a tambaye ta ko ta san wannan. Shadda ce ruwan toka, ta ƙone a ƙasa. Gefe ɗaya ɗinkin Anti ne, manya-manya. Ɗaya gefen farin zarena ne na riƙo, ba ta ko warware shi ba.

Da aka bari a shiga, Kawu ya ganni ya juya fuskarsa bango. A bakin ƙofa Anti ta riƙe mini hannu.

"Gida an ce ɓarayi ne sunka shigo shago. Kin ji ko? Ɓarayi."

Na ce na ji. Ni na yi jinyar Ikram tsawon makonnin da suka yi a asibiti, ina kai ta ana duba kunnen da ƙarar harbin ta taɓa. Jinta ya dawo, amma ba duka ba. Ta daina gudu in za ta zo wurin mutum. Sai ta tsaya nesa ta ce, "In zo?"

Da dogon hutu na samu na dawo gida. Baba ya amsa gaisuwata, ya tambayi karatu, ya koma ga rediyonsa. Kawu ma yana ƙasar. Ya zo Kebbe wurin mahaifiyarsa, wani mai ɗori yana gwada sa'arsa a kan ƙafar da likitocin Amurka suka sa wa ƙarfe. Kwana uku da zuwana Baba ya ce in shirya, za mu je dubiya.

Muka shiga ƙaramar bas a tasha. Hanyar Kebbe ta yi kore, gero ya kai ƙirji, amma gonaki da yawa na can ciki ba a shuka su ba, kowa a motar ya san dalili. Ni da Baba muna kujera ɗaya, shi yana ta kallon taga.

Zauren gidan cike yake da maza. Daga inda na tsaya ina jin muryar Kawu yana ba da labari. Su uku ne, in ji shi, da fuska a rufe. Ya kama hannun na farko, na biyu ya sakar masa wuta. Ana ta salati, ana cewa namijin duniya. Wani tsoho ya ce ashe can ma ba a tsira ba. Wani ya hango ni ya ce, "Wagga ce ɗiyar da anka ce?" Aka yi ƙasa da murya.

Baba ya shiga ya daɗe. Na ga ya taimaka an ɗaga ƙafar ana canza tsumma. Da ya fito sai ya yafito ni gindin wata bishiyar darbejiya a ƙofar gidan.

"In mutane sun rage ki shiga ki durƙusa ki ba shi haƙuri, gaban uwarshi."

Tun da aka haife ni ban taɓa mayar wa Baba magana ba. Na ce, "Baba, zan shiga. Amma shekara guda ke nan kana jin na kowa, ba ka ji nawa ba. Ba ɓarayi ba ne. Ni aljihu anka ce in ɗinka, na ga ɗiyar gida na iya mutuwa, na faɗa. Shi ke nan abin da na yi. Ka yarda da ni, ko ba ka yarda ba?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Ya dubi zauren, inda aka sake fashewa da salati. Bai dube ni ba.

"Na ga ciwon yanzu. Ɓarawo ba shi harbin mutum daga cikin wando. Amma ba yau na sani ba, Asma'u. Tun ranar da ya kira ni na sani. Ni na koya miki karatu, na san ba ki buɗa baki sai kin auna."

"To Baba, don mi..."

"Don shi babba ne, kuma gidanshi na kai ki. Gyara mayafinki ki shiga."